Amsa: Wasa kai tsaye na iya riƙe mutum?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ajiye aikinka ka koma watsa wasan bidiyo kai tsaye. Ni dai ban ba ka shawarar yin haka ba tukuna.

Kuɗin na shigowa ne ta rajistar masu kallo, kyaututtuka, talla da kamfanoni masu ɗaukar nauyi. A Twitch, dandalin watsa wasa kai tsaye, galibi raba kuɗin rajista ake yi biyu, rabi naka, kuma sai sun kai dala 50 a biya ka. YouTube kuwa na cire kashi 30 cikin 100 na Super Chat, wato kuɗin da masu kallo ke biya don saƙonsu ya fito fili yayin watsawa.

Matsalar ita ce wani watan a samu, wani watan shiru. Ka ware na haraji tun daga farko, ka tara abin da zai riƙe ka wata shida. Sabuwar kyamara ta jira.