Kada ka zubar da samfurin nan

Ɗana, jiya bayan la'asar ka tambaye ni me ya sa guntun DNA ɗin da ka tabbatar matakansa (wato haruffan da ke jere a jikinsa) 400 ne ya maƙale can sama a jel ɗin foliyakirilamaid kamar wani dogo, alhali a jel ɗin agaros ya sauka inda ya kamata. Na ga ranka ya ɓaci, har kana shirin zubar da samfurin. Bar shi, hannunka bai yi kuskure ba.

Jel, wato daskararren ruwan nan da muke tura DNA ta cikinsa da lantarki, gajere ya sauka ƙasa ya bar dogo a sama, ba tsawo kaɗai yake aunawa ba, har da siffa. Ka san ragar masuntan Argungu. Zura miƙaƙƙen kara ta idonta, zai wuce sumul, tanƙwararre kuwa sai ya yi ta sarƙewa. Idon foliyakirilamaid matsattse ne, na agaros yana da faɗi, shi ya sa ɗaya ya tona abin da ɗayan ya ɓoye.

Abin da ya tanƙwara shi yana cikin jerin haruffansa, wato A, T, G da C. Igiyar DNA tana cika murɗa ɗaya a matakai kusan 10 da rabi. Duk inda harafin A ya jeru huɗu zuwa shida, igiyar kan karkata da kimanin digiri 18. Wannan kaɗai ba komai ba ne. Amma in jerin yana dawowa bayan kowane mataki 10 ko 11, duk karkatar gefe guda take faɗawa, kamar maginin rumbu da ke ɗan shigo da kowane zagayen laka ciki har baki ya tsuke. In tazarar ta zama 15 ko 16, wannan ya yi gabas, na gaba ya yi yamma, sai su kashe juna, igiya ta tafi kusan a miƙe.

A 1982 aka fara kama wannan hali sosai, a DNA ɗin Leishmaniya, 'yar'uwar ƙwayar sammoren da ke karya mana shanu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da wani masani mai suna Hagerman ya yi a 1986. Ya maimaita GAAAATTTTC, igiya ta tanƙware. Ya maimaita GTTTTAAAAC, ta tafi kamar ba komai. Haruffan nan fa iri ɗaya ne, adadi ɗaya, wanda ya riga wani kawai aka sauya. Tun ranar da na fahimci haka na daina ƙirga A da T in ce na san guntu.

Gobe in Allah ya kai mu, buɗo jerin a kwamfuta, ka ja layi ƙarƙashin kowane tarin A, ka ƙirga tazara. Sannan ka zuba jel biyu, ɗaya a sanyin firji, ɗaya a zafin ɗakin nan namu na Birnin Kebbi. Zafi yana sassauta tanƙwarar, don haka layin da DNA ɗin zai fito a jel na biyun ya kamata ya ɗan matso kusa da gurbinsa. Ka kawo mini hotunan biyu mu duba tare.