Ku Tambaya Mu Amsa: Jakin Baba, da Ungulun da Suka Ɓace a Mahauta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Babanmu na da jaki guda da munka daɗe da shi, shi ka kai taki gona shi ka ɗauko ruwa, yanzu ya yi miki a baya har ƙuda na bin shi, mun zuba mai baƙin mai bai warke ba. Masu sayen jakkai sun zo har gida sun taya, Baba ya ce a'a, ni ko na ce a saida tun bai mutu ba. Kuma na gani a Facebook wai akwai ƙungiyoyin Turawa da ba su da aiki sai kula da jakkai, har wani ya turo min fom a WhatsApp wai in biya dubu biyar kuɗin rajista za a ba mu tallafi. Gaskiya ne? Ni dai abin na ban mamaki, mutane na fama da yunwa su jaki ad damuwarsu.
Daga wani matashi a Kamba, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida Baba, a ce mai ina bayanshi a wannan magana. Amma mu fara da dubu biyar ɗinka tun ba ta tafi ba: kar ka biya. Ƙungiyar agaji ta gaskiya ita ke neman gudummawa daga masu hali ta kashe a kan aiki, ba ta karɓar kuɗin fom daga mai jaki, wanda ya turo maka ko dai ɗan damfara ne ko shi ma an riga an wanke shi.

Ƙungiyoyin kam akwai su, kuma ba jiya suka fara ba. Akwai Brooke, wadda wata Baturiyar Ingila Dorothy Brooke ta assasa a Alƙahira a 1934 bayan ta ga tsofaffin dawakin sojan Ingila da aka bari a Masar tun yaƙin duniya na farko suna jan kaya duk sun rame. Akwai SPANA da ta fara a 1923 a Arewacin Afirka, yau tana aiki har Mali da Muritaniya, sai Donkey Sanctuary ta Ingila da aka kafa a 1969. Yawancin aikinsu shi ne duba dabba kyauta ko da rahusa, koyar da malaman dabbobi na karkara, koya wa masu ɗinkin akumari yadda za su yi shi bai ci bayan jaki ba, da matsa wa gwamnatoci lamba su yi doka. Ba raba kuɗi suke ba.

Batun yunwa kuwa, kai da kanka ka ba da amsa a wasiƙarka. Ka ce shi ke kai taki shi ke ɗebo ruwa. To ran da ya bar gidan, wa zai ɗauki jarkar? Inna ce da ƙannenka mata, ko kuma kullum ku biya mai kura. Ni na tashi a gidan da jakkai biyu ke kai taki fadama, ranar da aka sace ɗaya na ga yadda aka yi ta jigilar mangala a ka har damina ta faɗi ba a gama ba. Duk wanda ya yi wa jakin talaka magani, talakan ya taimaka.

Su kuma masu tayin, mafi yawa ba don aiki suke saye ba. Fatar ake so, a Chaina ana dafa ta a fitar da wani abu kamar ƙaro da suke kira ejiao suna sa shi a magani da kayan gyaran jiki, Donkey Sanctuary ta ƙiyasta ana yanka jakkai aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda haka. Jaka kuma sai ta yi kusan wata goma sha biyu da ciki ta haifi ɗa guda, ka ga yankan ya fi haihuwar sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa maƙwabtanku na Nijar suka hana fitar da jakkai tun 2016, Tarayyar Afirka ma a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024 ta amince a dakatar da yanka jaki don fata a nahiyar baki ɗaya. In ka saida yau, kuɗin da wuya su sayo maka wani kamarsa gobe, je ka kasuwa ka taya lafiyayye ka ji.

Yanzu ga mikin. Ku daina baƙin man nan don Allah, da garin batir da wasu ke barbaɗawa, ƙona naman suke su rufe dattin a ciki. A samu ruwa mai tsabta a tafasa ya huce, a sa gishiri kaɗan kamar ƙaramin cokali a lita guda, a wanke safe da yamma har baƙin man ya fita. A sauke masa kaya gaba ɗaya, wannan ne mai wuyar na sani, amma miki ba ya warkewa ana ɗora masa taiki. Ku kai shi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko ku kira malamin dabbobi ya duba ko akwai tsutsa a ciki, ya ba da maganin ƙuda, a kuma tambaye shi allurar tatanus don jaki na saurin kamuwa da ita ta irin wannan rauni. In ya warke, a sake akumarin, na yanzu shi ne mai laifin, galibi za ka tarar ya yi tauri da gumi ko wani ƙulli na gogar ƙashin baya. A naɗa tsumma mai laushi kamar gammo ta yadda nauyi zai sauka a gefe biyu, tsakiyar baya ta sha iska. In ba a gyara nan ba, wata biyu ya sake ɓarkewa a wuri ɗaya.

Ka kuma tuna wa kanka hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. Kula da jaki ba Turawa suka kawo mana ba.

TAMBAYA: Malam ni mahauci ne a Gusau, lokacin da muna yara ungulu har kore su muke a mahauta, yanzu sai in shekara ban ga ko guda ba. Ina sunka tafi?

AMSA: Sarkin fawa ba tafiya suka yi ba, ƙarewa suke. Irin ungulun mahautar nan tun 2015 hukumar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ɓacewa. A ƙasar nan babban dalili shi ne farautarsu don kai da ƙafa da gashi da ƙwai da ake kai wa 'yan tsibbu, ana zuba guba a mushe su taru su ci su zube, ga kuma sare manyan itatuwa irin su kuka da rimi da suke sheƙa a kai. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.

Kai ka fi ni sanin aikin da suke yi a bayan mahauta, kafin azahar sun share tumbi da hanji da duk abin da aka yar. Indiya ta ga ta kanta a kan wannan, maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulunsu daga shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili karnukan sake suka yawaita da haukan kare, sai a 2006 suka hana ba dabbobi maganin. A nan gida Nigerian Conservation Foundation, da aka kafa a Legas a 1980, tana zama da masu maganin gargajiya tana lallaɓarsu su koma saiwa da ganye a maimakon sassan ungulu, Asabar ta farkon Satumba kuma ita ce ranar ungulu ta duniya. Naku 'yan fawa mai sauƙi ne, in ta sauka kar yara su jefe ta, wanda ya zo yana tambayar inda suke kwana a ce mai ba a sani ba.