Ɗana ya koyi ɗinki amma keken na jingine, me zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama sakandare shekara biyu ke nan, bai samu gurbin karatu ba. An saka shi a wani shirin koyar da ɗinki na wata uku, aka ba shi keke, amma yau keken na jingine a ɗaki, wasu abokansa ma sun sayar da nasu. Mu manoma ne a yankin Kura. Laifin yaran ne, ko sana'ar hannu ce ta daina ci? Me zan sa shi ya koya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin ɗora wa yaron laifi. Wata uku ya isa mutum ya iya taka keke, ya ja layi miƙaƙƙe, amma wa zai ɗauki shaddarsa ta Sallah ya miƙa wa wanda bai taɓa yanka babbar riga ba? Tela yakan shafe shekaru a gaban maigidansa kafin a yaye shi, kuma a nan yake koyon abin da aji ba ya koyarwa: awo, yanka, tsadar aiki, haƙuri da mai kaya in ya zo da faɗa. Sannan idan aka yaye yara da yawa a gari ɗaya, kowa da keke iri ɗaya, ɗinkin garin ba ya ƙaruwa, raba shi ake yi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya fito daga irin wannan shiri yakan ɗauka shi ne ya gaza.

Kafin ka zaɓa masa sana'a, zauna ka lissafa ayyukan da mutanen garinku suke ɗauka su kai Kano. Duk aikin da ake hawa mota a kai birni, kuɗin garinku ne ke fita, kuma nan ne gurbin ɗanka yake.

Ku a Kura, ruwan dam ɗin Tiga ya mayar da ku 'yan noman rani: shinkafa, tumatir, alkama, albasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama suka koma ban ruwa da sola, wasu suka mayar da injinansu masu amfani da gas. To wa ke haɗa faifan sola, ya san ƙarfin famfon da ya dace da zurfin rijiya, ya gano ko matsalar daga waya take ko daga inbata? Ga injinan casar shinkafa da na sussuka, kullum akwai abin da ya karye, ana neman mai walda ko bakanike. Manomin da injinsa ya tsaya ana tsakiyar zafi ba zai iya jiran kwana uku ba, shuka za ta ƙone. Yaron da zai iso gona a kan babur da akwatin kayan aiki ya gyara kafin la'asar, ba zai nemi kasuwa ba, ita za ta neme shi. Kuɗin da ya karɓa kuma a garin zai kashe su, wurin mai shayi, mai kanti da mahauci, in aiki ya yi yawa ya ɗauki yara biyu. Haka kasuwar Panteka ta Kaduna ta bunƙasa, maƙera da masu walda suna ƙera injin niƙa da kayan gona, suna yaye yara, yaran suna buɗe nasu wuraren.

Amma fa ka tambayi yaron. Wanda aka tilasta wa sana'a, jikinsa ne kawai ke zuwa shago.

In ya amince, nemo masa maigida mai aiki a hannu, wanda ka ga mutane na jiran layi a wurinsa, ku yi magana a gaban shaidu: shekara nawa, me za a koya masa, wa zai ɗauki abincinsa. Ka riƙa leƙawa, don wasu sukan mayar da yaro ɗan aike. Ka kuma je ofishin hukumar samar da aikin yi ta NDE da ke jiharku, wadda aka kafa a 1986, tana da tsarin tura matasa wurin ƙwararrun masu sana'a. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ma tana horarwa. Idan hannunsa ya faɗa, ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha, wato NABTEB, domin kamfani da mai ba da kwangila takarda suke fara tambaya.

Batun keken kuwa, kada a sayar. In akwai ƙanwarsa ko ƙaninsa mai sha'awa, a kai shi wurin tela da keken. In babu, a ba wani tela haya, abin da ke shigowa a zuba a adashi, ranar da aka yaye ɗanka a saya masa mitar awon wuta da sifana da sauran kayan aiki.