Yaya, wanka muna yi

Yaya, saƙonki ya iso, kuma na ji abin da ke ƙarƙashinsa. Kin ce tunda aiki aka yi wa ɗiyata aka ciro jariri, a kawo ta Katsina ta yi jego, wai mu 'yan Faranshi, mutanen Nijar, ba mu san wanka ba.

Tukunyar ruwa na kan murhu tun asuba da ganyen bedi a ciki, haka za mu yi har arba'in. Sai dai wadda aka yanka ba a watsa mata ruwan zafi a ciki. Ungozomar asibiti ta ce kada ɗinkin ya jiƙe sai ya kame, shi ya sa tawul nake tsomawa in matse, in gasa mata baya da ƙafafu, in kauce wa wurin. Kashegarin aikin ma suka ta da ita tana cije leɓe, wai ta taka kada jini ya daskare a ƙafa. Kunu kuwa na rage masa kanwa, don likitoci sun ce yawanta kan kumbura zuciyar mai jego. Na san iyayenmu sun sha sun rayu. Ni dai ba a kan ɗiyata za a gwada ba.

Aikin kansa gwamnatin Nijar ta mai da shi kyauta tun 2005. Abin da ya biyo baya, abinci da wanki da kwanan zaune, na dangi ne, kuma dangi muna da su.

Kin ce mun ba yare 'ya. To uwar Bazabarmen mijin nata ce ta taso tun daga Dosso da kaji da man shanu, ita ta kwana a tabarma gefen gado ni ina gida ina romo. Hausarta a karye take, amma ba ta taɓa bari yarinyar ta ɗaga ko bokiti ba.

Gyada ce ta kawo Baba Maradi, a nan muka rufe shi, kuma sarkin garin har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Lokacin jinyar Baba kun ce an rufe iyaka, na karɓa. Yanzu fa?

Suna ya wuce, arba'in na nan tafe. Ki biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ki taho mana da daddawa, tamu ba ta kai taku ba.