Idan jirgin kaya ya tsaya a daji

Ka tambaye ni jiya: "Maigida, in jirgin kaya ya tsaya cak a daji da tsakar dare, mu kuma mun wuni mun kwana a bakin aiki, da me zan fara?"

To ɗana, gyara ba shi ne na farko ba. Ka fara ɗaure jirgin tukuna.

Tiyon birki, mai ɗauke da iska, ya taso ne tun daga kan jirgi, yana haɗe tarago zuwa tarago har na ƙarshe. Da zarar ya tsinke ko ya huje, birki sai ya kama da kansa, haka aka ƙera shi. Shi ya sa in ka ji jirgi ya turje ba direba ne ya tsayar ba, tiyo za ka fara zargi. Amma wannan kamun ba abin dogaro ba ne. In injin ya mutu, iskar tana zurarewa a hankali, birkin ya saki, babu ƙara babu sallama. A 2013, kusa da garin Lac-Mégantic na Kanada, an bar jirgin ɗanyen mai a kan gangare da dare, birkin hannu bakwai kacal aka ɗaure. Wuta ta tashi a injin, aka kashe shi, iska ta tsiyaye, jirgin ya gangaro cikin gari ba kowa a ciki. Mutum 47 suka mutu. Saboda haka ka murɗa birkin hannu a taragai da yawa, in gangare ne ka ƙara, ka sa waigi a ƙafa, a sanar da tasha ta gaba da ta baya. Sannan ka ɗauki tocila.

Ka bi jirgin da ƙafa, ta gefe, kada ka kuskura ka shiga tsakanin taragai sai direba ya san kana wurin. Kunnenka ya fi idonka amfani a duhu: inda tiyo ke yoyo za ka ji yana huci. Hancinka ma ya yi aiki. Warin ƙonannen giris alamar boris ɗin ƙafar tarago ya ɗau zafi ne. Ka kusantar da bayan hannunka, kada ka dafa da tafi. Na taɓa dafawa ina sabon shiga, ga tabon nan har yau. Boris irin wannan ba a lallaɓa shi a ce bari mu kai Minna. Yakan cinye ƙarfen ƙafar, tarago ya sauka daga kan dogo.

Maganar gajiya kuwa, ita ta fi ba ni tsoro. Tsohon layin Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, kuma layi ɗaya ne, sai ka yi awanni a ƙaramar tasha kana jiran wani jirgi ya wuce. A Amurka doka ta hana ma'aikacin jirgin kaya wuce awa 12 a jere, don wanda bai yi barci ba yakan rantse ya ɗaure birki biyar alhali uku ya ɗaure. Goro da shayi ba sa maganin wannan. Ni abin da nake yi, ina ƙirgawa da ƙarfi, in sa alli a jikin duk taragon da na ɗaure, in zan kwance kuma in bi allin ina gogewa. Gobe in za ka fito, ka sako alli a aljihu, da sabon batirin tocila.