Amsa ga ƙanwarmu da ta yi tambaya kan ba da magani a ɗakin yara

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce an kai ki ɗakin yara ga damina ta kankama, kina tsoron kada ki zarce wa yaro ƙima, ko magani ya ƙi jikinsa ba ki lura ba. Wannan tsoron alheri ne, Allah ya bar ki da shi.

Na daɗe ina aikin jinya a nan Maraɗi, kuma kowa ya san yadda ɗakin yara yake daga Agusta zuwa Oktoba: palu (zazzaɓin cizon sauro), tamowa, gado ɗaya yara biyu, ana ta turo su daga wajen Madarunfa da Gidan Rumji. A irin wannan cunkoson, kada ki yarda ki ja magani a sirinji kafin ki ɗora yaro kan sikeli. Shekaru ba sa faɗin nauyi. Sai ki ga ɗan shekara uku da tamowa ta cinye bai kai kilo 9 ba.

Ɗauki artesunate, allurar palu mai tsanani, tunda shi za ki fi taɓawa. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, daga kilo 20 zuwa sama 2,4. Kwalbar miligiram 60 za ki narkar da bikarbonat ɗin da ya zo da ita, mil 1, ki yi ta kaɗawa har ruwan ya yi garau, sannan ki ƙara ruwan gishiri na allura mil 5 in ta jijiya ce. Kowane mil ya zama miligiram 10 ke nan. In bai washe ba, zubar. In ya wuce awa ɗaya da haɗawa, zubar. Ki rubuta lokacin da kika yi allurar nan take, domin ta biyu bayan awa 12 ce, ta uku a awa 24, kuma wadda za ta karɓi gardi, wato ta canje ki a aiki, ba ta da abin dogaro sai rubutunki. Inda gado ɗaya yake da yara biyu, ki sa uwa ta faɗi sunan ɗanta da bakinta. Kada ki kira suna ki jira ta ce e. Mace mai kwana uku ba barci komai kika ce za ta amsa.

Akwai waɗanda ba a tura su kai tsaye cikin jijiya ko da wa ya matsa miki: kinin da fotasiyom. Kinin cikin ƙarin ruwa mai sukari yake tafiya a hankali, awa huɗu, kina duba sukarin jinin yaron saboda kinin yana faɗar da shi. Ceftriaxone, maganin ƙwayoyin cuta, kuma ba ya haɗa layi da ƙarin ruwan Ringer, balle ga jariri. Bayan diazepam, maganin jijjiga, ki tsaya kan yaron ki ƙirga numfashinsa. In allurar tsoka ce, cinya ta fi ɗuwawu aminci; mun sha ganin yaran da aka taɓa wa jijiya suna jan ƙafa har girmansu, abin yana ci mini rai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne uwar yaro. Zauna kusa da ita, ki tambaya a hankali: "Inna, me aka ba shi a gida?" In kika ɗaga murya ba za ta faɗa ba. In kika kwantar da kai sai ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyin da ta saya wurin mai talla, wasu ko suna babu, galibi da farasitamol a ciki, ke kuma kina shirin ƙara masa wani. Ki tambayi maganin rigakafin palu da ake rabawa gida-gida, domin akwai amodiaquine da sulfa a cikinsa. Yaron da ya sha shi, sannan baki ya fashe, ido ya yi ja, fata ta soma saɓulewa, a tsayar da duk wani mai sulfa, har da cotrim (cotrimoxazole), a kira likita.

Borin jini, kumburin leɓe ko shaƙewar numfashi jim kaɗan bayan ampicillin ko ceftriaxone, wannan ba ya jira. Tsayar da maganin, adrenalin a cinya, miligiram 0,01 a kowane kilo. Shi ya sa da kin karɓi gardi ki ga adrenalin da idonki, ki duba ranar lalacewarsa. In abin ya lafa, ki rubuta sunan maganin manya-manya a karnen yaron, ki gaya wa majo, shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin.

Ranar sallama kuma ki ja kunnen uwar: yaron da aka yi wa allurar artesunate, jininsa na iya raguwa bayan mako ɗaya zuwa uku. In ta ga tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ta dawo da shi a ranar, kada ta jira ranar kasuwa.