Katin dala 100 a kan dala 70: ki dakata tukuna, ƙanwata

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa Amurka, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Na ga tambayarki cewa ana gwanjon katin kyauta na wani babban kanti a eBay, mai dala 100 a ciki, tayi ya tsaya a dala 70, kina so ki saya ki yi wa yara sayayyar komawa makaranta, kuma kina son sanin ko da gaske ana samun sauƙi a irin waɗannan shafuka. Na daɗe ina sayayya a can, rabin kayan sanyin yarana daga gwanjo suka fito. Amma kaya daban, kati daban, kuma da katin zan fara tunda shi ne agogonsa ke tafiya.

Idan kin sayi takalmi, ranar da ya iso hannunki ya fita daga hannun mai shi ke nan. Kati ba haka yake ba. Abin da kike saya lamba ce da lambar sirrin da ke bayanta, robar kanta ba ta da wani amfani. Wanda ya sayar miki ya riga ya ga lambar, ba mamaki ma ya ɗauki hotonta. Ya aiko miki, kin duba kin ga dala 100 cif, kin yaba masa a shafinsa, kin saka a jaka sai ƙarshen wata. Kafin nan shi ya shiga shafin kantin ya kashe kuɗin tas. Sai kin tsaya gaban mai karɓar kuɗi, kekenki cike da kaya, mutane na jere a bayanki, sannan za a ce miki babu ko sisi. Akwai kuma katin da aka saya da katin bankin sata. Shi ma yana aiki lafiya lau na ɗan lokaci, ranar da mai kuɗin ya kai kuka bankinsa sai kantin ya rufe katin, ko a hannun wa yake.

Na ukun ne ya fi damuna. A ƙasar nan 'yan damfara kan kira tsofaffi a waya, su ce daga hukumar haraji ta IRS suke, ko su ce jikanki na hannun 'yan sanda, a je a sayo katin kyauta a karanto musu lambar. Hukumar FTC mai kare masu sayayya ta sha yin gargaɗi a kai, domin babu hukumar gwamnati da ke karɓar biya da katin kyauta. To waɗannan lambobin dole a mayar da su kuɗi a wani wuri, cikin gaggawa, da araha. Ko da katin ya yi miki aiki, ba na jin za ki so jakar makarantar ɗanki ta fito daga fanshon wata tsohuwa da aka yi wa wayo.

Ki yi lissafin da kanki. eBay na cire wajen kashi 13 cikin 100 daga kuɗin mai sayarwa. Idan ya sallama a dala 70, abin da zai shiga aljihunsa dala 60 ne da 'yan kai, kafin ya biya kuɗin aike. Mutum yana riƙe da halaliyar katin kantin da ake sayar da shinkafa da sabulu da madarar yara, me zai sa ya zubar da kusan dala 40? Ai sai ya je ya yi cefanensa da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan dala 70 ɗin da kike gani ba shi ne farashi ba, tayi ne na tsakiyar hanya. Abin da na saba gani shi ne katunan irin su Walmart da Target da Amazon, idan na gaskiya ne, a minti na ƙarshe suke haurawa har su kusa cika kuɗinsu, ragin da za ki samu bai fi na kofin shayi ba.

Ba ina cewa babu rangwamen gaskiya a harkar kati ba ne. Akwai, sai dai ba a gwanjo ya fi yawa ba. Costco da Sam's Club suna sayar wa mambobinsu sababbin katunan gidajen abinci da na wasu kantuna ƙasa da kuɗinsu, sau da yawa na dala 100 a kan wajen 80, kuma babu hannun da ya taɓa su kafin naki. Target kan ware 'yan kwanaki a watan Disamba ta rage kashi 10 cikin 100 a kan katinta. Akwai kuma dillalan kati irin CardCash, su suke saye daga mutane su duba sannan su sayar, suna ba da lamunin kwana 45, idan kuɗin ciki ya ɓace a cikin wannan wa'adi su mayar miki da naki. A wajensu za ki ga yadda kasuwar take da gaske: kantin da kowa ke buƙata raginsa ɗan mitsitsi ne, na tufafi da gidajen abinci su ne ke kaiwa kashi 10 ko 15, wani lokaci su ɗara.

Ni dokata ɗaya ce a nan: ba na sayen kati sai na riga na san abin da zan saya da nawa zai ci. In kayan sun kama dala 140, sai in nemi katin da ya yi kusa da haka, ya iso yau in kashe shi yau ko gobe, in ajiye rasit. Katin da aka saya don "wata rana zai yi amfani" shi ne ke kwana a durowa. Gaskiya ne dokar da aka yi a 2009 ta hana kuɗin kati mutuwa kafin shekara 5, amma ba ta hana kanti durƙushewa ba. Da Toys R Us ta rufe a 2018 an daina karɓar katunanta, Bed Bath & Beyond kuwa a 2023 wajen mako biyu kacal ta ba mutane bayan ta shigar da takardar karyewa. Duk ranar da kika ga katin wani kanti ya faɗi warwas a ko'ina, ki fara duba labarai. Kada kuma ki saya da niyyar aika wa 'yan gida, yawancin katunan nan a ƙasar da aka sayar da su kawai suke aiki, na Amazon ɗin Amurka ma ba ya ci a na Ingila. Idan kuma zuciyarki na ɗar-ɗar da batun sayen dala 100 da dala 90, ko kuɗi ne da kuɗi ko kaya ne, wannan ta malamai ce, ki kai wa limamin masallacinku.

Yanzu kaya. Nan kam akwai sauƙi na gaske ga mai haƙuri. Kafin ki taya komai, ki rubuta sunan abin, ki latsa inda aka rubuta Sold items. Zai nuna miki nawa aka sayar da irinsa a 'yan watannin nan, wanda shi ne farashin kasuwa. Abin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Ki haɗa da kuɗin aike da harajin sayayya, domin tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Wayfair shafukan nan suke karɓar harajin jiha a kan abin da kika saya, sai in kina jiha irin Delaware ko Oregon da ba su da shi. Rigar dala 9 mai kuɗin aike dala 12 ta dala 21 ce, har da ɗoriya.

Yadda tayin yake aiki shi ne inda sababbi ke ruɗewa. Ba sai kin zauna kina ƙara dala ɗaya-ɗaya ba. Kina rubuta iyakar abin da za ki iya biya, na'urar ta riƙa taya miki kaɗan-kaɗan, ba ta bayyana wa kowa iyakarki. In kin sa dala 40, na biye da ke ya tsaya a 28, za ki biya wajen 29 ne. Don haka ki yanke iyakarki tun kanki na sanyi, ki ɗora mata 'yan sulalla kamar 40.63, saboda yawancin mutane a kan cikakken lamba suke tsayawa. Ni ba na sa tayina sai saura daƙiƙa kaɗan a rufe. eBay ba ta hana hakan ba, kuma a yawancin kaya lokacin rufewa ba ya ƙaruwa. Amfaninsa biyu: ba ki ba wani damar ya zauna yana cizon tayinki ba, ke ma ba ki da lokacin da zuciya za ta ɗebe ki ki ce wallahi ba zai kayar da ni ba. Wannan zafin kan shi ke sa mutum ya sayi tsohon abu da kuɗin sabo. Akwai kuma masu sa abokansu su riƙa tayi don kawai farashi ya hau, abin da hadisi ya hana da sunan najashi, shafin ma ya haramta shi. Mai iyaka tsayayya ba ya faɗawa wannan ramin.

Inda na fi cin riba shi ne kayan yara da ake haɗawa dami guda, riguna goma ko sha biyu masu girma ɗaya, domin uwar da yaranta suka girma so take ta rabu da su kawai. Sai sayen abu ba a lokacinsa ba, rigunan sanyi a watan Afrilu ko Mayu, ki ɗauki wadda ta ɗara yaron girma kaɗan. Idan kin ga an rubuta Best Offer, wannan ciniki ne irin wanda muka sani, ki taya, ya ce albarka ko ya sallama. Wani lokacin ma in kin sa wa kaya alamar kina bibiyarsa kika yi shiru, mai shi da kansa zai aiko miki da ragi. Ban da eBay, ki leƙa ShopGoodwill, gwanjon kayan da mutane suka bayar sadaka ne, sai dai kuɗin aikensu kan yi nauyi, ki duba shi tukuna.

A kayan lantarki ki karanta bayanin har ƙarshe. In an ce na gyara ne ko na cire sassa, to ba ya aiki, komai kyan hotonsa. In waya ce za ki aika gida, ki tabbatar ba a kulle take da layin wani kamfani ba, ba kuma a maƙale da asusun tsohon mai ita ba. Ki sani kuma tun daga iPhone 14 na 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da gurbin saka sim. Na'urar markaɗe ko dutsen guga na nan wutar 120 suke sha, ta gida 220 ce zuwa sama, in an jona kai tsaye sai hayaƙi. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ko ki biya shi ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ya rage miki, ki rabu da shi, lamunin eBay na mayar da kuɗi cikin kwana 30 bayan isowar kaya yana aiki ne kawai idan a cikin shafin kika biya.

Game da sayayyar makarantar da ke gabanki, littattafan rubutu da fensir ba sa buƙatar gwanjo, manyan kantuna na karya farashinsu sosai daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Wasu jihohin ma suna ɗage haraji na 'yan kwanaki, kamar Texas, Maryland kuwa mako guda take bayarwa a Agusta a kan tufafi da takalman da ba su wuce dala 100 ba. Jaka da takalmi da rigar sanyi su za ki nema a gwanjo. Ki faɗa mana jihar da kike da shekarun yaran, akwai iyaye da yawa a cikinmu da kayan 'ya'yansu ke jibge a kwali ba su san yadda za su yi da su ba.